EMILE BERLINER (1851–1929): MUTUMIN DA YA ƘAGO GARMAHO

 

A gidanmu na Ɗankaza akwai wani akwatin katako mai hannun wani a gefe, wanda kakanmu ya ajiye a ƙuryar turakarsa tare da faya-fayai a cikin adaka. Ban taɓa jin ya yi kiɗa ba, domin sifirinsa ya tsinke tun kafin a haife ni. Da tsohon ya rasu, sai mu yara muka samu faya-fayan nan, muka riƙa gara su a tsakar gida muna jifa da su, har muka farfashe su kaf. Babu babban da ya tsawata mana, don a lokacin kaset ake yayi, kowa na ganin garmaho tarkace ne. Sai da muka shiga aji biyar, malaminmu na Fiziks ya zo da wani tsohon faifai, ya soka allurar ɗinki a bakin mazurarin takarda, ya juya faifan a kan fensir, muka ji wata siririyar murya tana fitowa, sannan na gane abin da muka yi hasara. 'Yan ajinmu za su tuna ya tambaye mu wanda ya ƙago wannan abu, muka haɗa baki muka ce Edison, ya ce rabin maki muka ci. Sauran rabin makin nake so in biya a yau.

Haihuwarsa da ƙuruciyarsa

An haifi Emile Berliner ranar 20 ga Mayu, 1851, a birnin Hanover na ƙasar Jamus, cikin wani gidan Yahudawa 'yan kasuwa. Sunan mahaifinsa Samuel, mahaifiyarsa kuwa Sarah, kuma su goma sha uku aka haifa, biyu suka rasu tun suna jarirai. Ya yi karatu a wata makarantar kwana a garin Wolfenbüttel, ya gama a 1865 yana ɗan shekara 14. Iyakar karatunsa na aji ke nan. Gida ya yi yawa, samu ya yi kaɗan, saboda haka ya shiga aiki a wata maɗaba'a, daga baya ya koma yaron kantin yadi.

A 1870, 'yan watanni kafin yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Jamusawa, wani abokin mahaifinsa mai kanti a Amurka ya yi masa tayin aiki. Iyayensa suka amince, domin shekarunsa sun kai na waɗanda ake ɗiba aikin soja dole. Ya sauka a birnin Washinton ya yi 'yan shekaru yana tsaron kanti, sannan ya wuce Niyok, inda ya yi ta buga-buga. Cikin ayyukan da ya yi har da wankin kwalabe a ɗakin gwaje-gwajen wani masanin harhaɗa magunguna mai suna Constantin Fahlberg. A nan ne sha'awar kimiyya ta kama shi. Da rana ya yi aiki, da dare ya tafi makarantar Cooper Union, inda ake koyar da ma'aikata kyauta, ya zauna darasin Fiziks.

Aikinsa a kan tarho

A 1876 Alexander Graham Bell ya nuna wa duniya tarho. Na'urar ta ba kowa mamaki, amma tana da rauni guda, wato bakin da ake magana a cikinsa ba ya tura murya da ƙarfi, sai mutum ya yi ta ihu kafin a ji shi. Berliner, wanda a lokacin ya koma Washinton yana aikin akawu a kanti, ya mai da ɗakin hayarsa wurin gwaji. Wata rana yana koyon buga wayar tangaraho a wurin wani abokinsa a ofishin 'yan kwana-kwana, sai abokin ya nuna masa cewa idan aka danna maɓallin da ƙarfi, lantarki ya fi wucewa. Berliner ya riƙe wannan magana. Ya yi tunanin cewa idan aka jingina ƙarfe biyu sako-sako, aka sa kaɗawar murya ta riƙa matsa su tana sassautawa, to lantarkin da ke wucewa zai riƙa ƙaruwa yana raguwa daidai da muryar. Tushen makirifo ke nan.

A watan Afrilu, 1877, ya kai takardar bayanin ƙirƙirarsa ofishin rajista na gwamnati, kuma da kansa ya rubuta ta don ba shi da kuɗin lauya. Kamfanin Bell ya sayi fasahar a kan dala 50,000, ya kuma ɗauke shi aiki. Sai dai Edison ma ya yi irin wannan ƙirƙira a kusan lokaci guda, aka yi shekaru ana shari'a, daga ƙarshe kotu ba ta bar wa Berliner haƙƙin ba. Duk da haka kuɗin da ya samu ya 'yanta shi daga tsaron kanti. A 1881 ya zama ɗan ƙasar Amurka, ya auri Cora Adler, bayan 'yan shekaru kuma ya bar kamfanin ya koma Washinton domin ya yi bincike na ƙashin kansa.

Waɗanda suka riga shi

Don a yi adalci, ba Berliner ne ya fara kama murya ba. Tun a 1857 wani Bafaranshe ma'aikacin ɗab'i, Édouard-Léon Scott de Martinville, ya yi na'urar da ke zana kaɗawar murya a kan takardar da aka shafe da baƙin fitila. Nufinsa a ga murya da ido, bai yi tunanin a sake jin ta ba. Wani zane da ya yi ranar 9 ga Afrilu, 1860, sai a 2008 masana a Amurka suka yi amfani da kwamfuta suka mai da shi sauti.

A ƙarshen 1877 Thomas Edison ya yi na'urar farko da ke ɗaukar murya ta kuma maido da ita. Ya naɗe wani ƙarfe mai siffar gwangwani da fallen kuza, allura tana lotsa shi yayin da ake juyawa ana magana. Daga baya Chichester Bell da Charles Tainter suka maye gurbin kuzar da kaki, suka samu rajista a 1886. Matsalar gwangwanin ita ce wuyar kwafi. A shekarun farko, mawaƙi sai ya tsaya gaban injuna da yawa ya rera waƙa, a sauke gwangwanaye a ɗora wasu, ya sake rerawa, haka zai yi ta yi har muryarsa ta dushe. Ga shi kuma yana da saurin fashewa da cin wuri.

Yadda ya ƙago garmaho

Berliner ya bi wata hanya dabam ta fuska biyu. Ta farko, ya bar gwangwani ya koma shimfiɗaɗɗen faranti. Ta biyu, allurar Edison sama da ƙasa take yi tana haƙa, shi kuwa ya sa tasa tana kaɗawa hagu da dama cikin tsagar da zurfinta ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Ranar 8 ga Nuwamba, 1887, aka ba shi takardar mallakar na'urar da ya raɗa wa suna Gramophone, sunan da bakin Bahaushe ya mayar garmaho.

Ga yadda yake ɗaukar murya. Zai samu farantin tutiya ya shafe shi da kakin zuma shafe-shafe. Mai waƙa ya sa baki cikin wani mazurari, muryar ta kaɗa wani ɗan tantani kamar yadda fatar kalangu ke rawa, tantanin ya kaɗa allura, allurar ta kankare kakin tana bin faranti daga baki zuwa tsakiya. Sai a tsoma farantin cikin ruwan asid. Inda kaki ya rufe ba abin da zai same shi, inda allura ta kankare kuwa asid ya ci tutiyar ya bar tsaga. Ranar 16 ga Mayu, 1888, ya nuna wannan aiki a gaban masana a cibiyar Franklin da ke Filadalfiya.

Babban abin da ya ɗaga shi a kan sauran shi ne cewa daga wannan faranti guda ana iya yin uwa ta ƙarfe, a riƙa danna ta a kan abu mai laushi kamar yadda ake buga hatimi, a fitar da ɗaruruwan faya-fayai iri ɗaya. Mawaƙi ya rera sau ɗaya, dubban gidaje su saurara. Abin da injin ɗab'i ya yi wa rubutu, shi Berliner ya yi wa murya.

Duk da haka masu kuɗi a Amurka ba su kula shi ba. Wani kamfanin 'yartsana a Jamus, Kämmer & Reinhardt, shi ya fara ƙera garmaho wajen 1890, a matsayin abin wasan yara mai faifai inci biyar. Sai a 1894 Berliner ya fara sayar da nasa a Amurka, mai faifai inci bakwai, wanda da hannu ake juya shi. Idan hannu ya yi sauri murya ta zama ta yaro, idan ya gaji ta koma ta tsoho. Wani maƙerin injuna a garin Camden, Eldridge Johnson, shi ya warware wannan a 1896, da ya ƙera inji mai sifirin wanda ake yi wa wani kamar agogo, yana juya faifai bai ɗaya. A waɗannan shekaru ne kuma aka daina yin faifai da roba mai tauri, aka koma wani irin ƙaro da wani ƙwaro ke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya. Irin wannan faifan ne mai nauyi da saurin fashewa, irin wanda muka farfasa a Ɗankaza.

Cin amana da shari'a

Hausawa na cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, kuma 'yan kasuwar cikinmu za su ƙaru da abin da ya samu Berliner. A 1896 kamfaninsa ya ba wani dillali mai suna Frank Seaman izinin sayar da garmaho shi kaɗai a kusan duk faɗin Amurka. Seaman gwanin talla ne, kasuwa ta buɗe. A 1897 gobara ta cinye ɗakin aikin Berliner na Washinton tare da kayan aiki da uwayen faya-fayai masu yawa. Kafin ya gama farfaɗowa, Seaman ya ga rabon da yake samu bai ishe shi ba, ya fara ƙera nasa garmahon da sunan Zonophone, ya haɗa kai da kamfanin Columbia, abokan gabar Berliner. A watan Yuni, 1900, kotu ta hana Berliner sayar da abin da shi ya ƙago a cikin Amurka.

Abin da ya cece shi shi ne bai zuba ƙwansa duka a kwando ɗaya ba. Tun a 1898 wakilinsa William Barry Owen ya kafa kamfanin Gramophone a Landan, a shekarar kuma shi da ƙanensa Joseph suka buɗe masana'antar buga faifai a mahaifarsu Hanover, wadda ta zama kamfanin Deutsche Grammophon. Bayan hukuncin kotu ya mai da harkarsa birnin Montreal na Kanada. A Amurka kuwa Johnson ya ci gaba da gwagwarmaya, har a 1901 aka kafa kamfanin Victor, wanda ya haɗa injin Johnson da haƙƙin mallakar Berliner. A 1903 kamfanin Landan ya saye reshen Zonophone na ƙasashen waje, sunan da aka ƙirƙira don a karya Berliner ya dawo hannun mutanensa.

Garmaho ya zaga duniya

Duk wanda ya taɓa ganin tsohon faifai zai tuna hoton kare ya karkata kai yana sauraren ƙahon garmaho. Wani mai zane Baturen Ingila, Francis Barraud, shi ya zana karen, mai suna Nipper. Da farko na'urar Edison ce a hoton, kamfanin Landan ya saye shi a 1899 bisa sharaɗin a goge ta a zana garmaho. A 1900 Berliner ya yi wa hoton rajista a Amurka, ya zama tambarin His Master's Voice.

Wani yaron Berliner mai suna Fred Gaisberg shi ya riƙa yawo ƙasa-ƙasa da kayan ɗaukar murya. A watan Afrilu, 1902, ya ɗauki waƙoƙi goma na Enrico Caruso a wani ɗakin otal a birnin Milan na Italiya a kan fam 100. Waɗannan faya-fayai ne suka sa manyan mawaƙa suka daina raina garmaho. A ƙarshen shekarar ya isa Kalkata ta Indiya ya ɗauki zabiya Gauhar Jaan. Edison ya daɗe yana riƙe da gwangwaninsa, amma a 1912 shi ma ya fara yin faifai, a 1929 kuma ya bar sana'ar ɗungurungum. A 1925 aka fara ɗaukar murya da makirifo da lantarki a maimakon mazurari, ka ga ayyukan Berliner biyu sun haɗu wuri ɗaya.

Isowarsa ƙasarmu

Tsakanin 1909 da 1915 wani jami'in gwamnatin mulkin mallaka, Northcote Thomas, ya ɗauki ɗaruruwan muryoyi a kan gwangwanin kaki a kudancin Nijeriya da Saliyo, waɗanda ake adana su a babban ɗakin karatu na Birtaniya. A 1922 Rabaran J. J. Ransome-Kuti na Abekuta, kakan Fela, ya je Landan aka ɗauki waƙoƙinsa na Yarabanci a faifan Zonophone. A 1931 kamfanin Gramophone ya haɗe da Columbia ta Ingila aka samu EMI, wanda daga baya ya buɗe reshe a Nijeriya ya fitar da faya-fayan mawaƙanmu irin su marigayi Alhaji Mamman Shata da marigayi Ɗan Maraya Jos.

A ƙasar Hausa garmaho ya fara zama a gidajen sarakuna da attajirai da ma'aikatan En'e kafin ya kai ga sauran jama'a. Bahaushe ya dubi abin nan baƙi, kewayayye, shimfiɗaɗɗe, ya ga ba shi da maraba da faifan da mata ke rufe ƙwarya da shi, ya ba shi sunan. Faifai mai inci goma yana juyawa sau 78 a minti, kuma kowace fuska ba ta wuce minti uku da 'yan kai ba. Makaɗin da ya saba kwana yana waƙa a fada ko a dandali dole ya taƙaita. Allurar ƙarfe ce, ana so a canja ta bayan kowace fuska, shi ya sa ake sayar da su cikin 'yan ƙananan gwangwanaye. A 1948 aka fito da faifan roba mai dogon zango, a 1963 kamfanin Philips ya fito da kaset, wanda ya zo da rikoda mai batir ya kori garmaho daga zaurukanmu.

Sauran ayyukansa da rasuwarsa

Berliner bai tsaya kan garmaho ba. A 1900 'yarsa Alice ta yi ciwon ciki mai tsanani tana jaririya, har aka fid da rai. Ya bincika ya gane cewa ɗanyar madara na cikin abubuwan da ke kashe jarirai a Washinton. Ya kafa ƙungiyar rigakafin cututtuka, ya riƙa biyan kuɗin sanarwa a jaridu daga aljihunsa yana kiran iyaye mata su tafasa madara kafin su ba yara, ya yi shekaru yana wannan fafutika. A 1908 ya kafa gidauniyar tallafa wa mata masu binciken kimiyya da sunan mahaifiyarsa. Ya kuma yi aiki a kan jirgi mai saukar ungulu tare da ɗansa Henry, wanda a 1922 ya ɗaga wani samfuri daga ƙasa a gaban jami'an soja a College Park.

Ya rasu ranar 3 ga Agusta, 1929, a Washinton, sanadiyyar ciwon zuciya, yana da shekara 78. An binne shi a maƙabartar Rock Creek. Takardunsa da faya-fayansa na farko suna babban ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka. Kyautar Grammy da ake ba mawaƙa tun 1959 daga sunan na'urarsa aka samo ta, kuma siffar garmaho ce da ita.

Abin da ya rage gare mu

Ƙannenmu da ke makaranta yanzu su lura cewa wannan mutum yana ɗan shekara 14 ya bar aji, ajin dare da naci ne suka kai shi inda ya kai. Mu kuwa da muka fita, akwai aiki biyu a gabanmu.

Na farko, duk wanda ya san akwai tsofaffin faya-fayai ko kasa-kasai a gidansu, a Wudil ne ko a Kano ko a ƙauye, ya je ya tattara su tun kafin yara su yi musu abin da muka yi wa na kakanmu. A jera faifai a tsaye, nesa da rana da danshi. Kada a goge mai nauyin nan da sifirit, domin narkar da shi yake yi, kuma kada a ɗora allurar ƙarfe a kan na roba. Wanda ba shi da wurin ajiya ya tuntuɓi wuraren adana tarihi irin su Gidan Makama a Kano ko Arewa House a Kaduna.

Na biyu, a taronmu na bara mun yi addu'a ga malamai da dama da suka riga mu gidan gaskiya. Muna da hotunansu, amma babu ko ɗaya da muke da muryarsa, alhali kowannenmu yana yawo da wayar da ta fi duk kayan aikin Berliner iya ɗaukar murya. Ina ba shugabannin ƙungiya shawara kowane aji ya wakilta mutum biyu su ziyarci malaman da suka yi ritaya, su nemi izininsu, su zauna da su ko da na awa ɗaya ne, su ɗauki labarin yadda aka kafa makarantar da yadda suka koyar. A yi kwafi biyu, ɗaya a ɗakin karatun makaranta, ɗaya a hannun sakataren ƙungiya. Na ɗauki alkawarin farawa da malaminmu na Fiziks a hutun ƙarshen shekara in Allah ya kai mu, kuma ina neman mutum ɗaya daga ajinmu da zai raka ni.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ƙara wa malamanmu lafiya da nisan kwana, ya bar zumunci. Wassalam.